Ranar da Newton Ya Haɗa Ni da Surukina

Har yanzu akwai jan zoɓo a ƙarƙashin farcena, don haka gara in rubuta da kaina kafin mutanen lungunmu su gama ƙara wa labarin gishiri. Jiya Juma'a abin ya faru, a ƙofar gidanmu a unguwar Kabara, cikin Kano. Yara sun taso makaranta da wuri, babu Islamiyya, na ce bari in nuna musu abin da zai raba su da wayoyin iyayensu ko na minti 10 ne. Ƙaramin bokitin fenti, ruwa rabi, ka kama mariƙi ka wulwula shi ta saman kanka, bakinsa ya kalli ƙasa, ruwa ya ƙi zuba. Na yi, ya kuma yi. Ko ɗigo bai taɓa hulata ba.

Yara suka ɗau ihu, kaina ya kumbura, na shiga bayani. Na ce musu ruwan nan yana faɗowa, sai dai bokitin yana riga shi saukowa, shi ya sa gindinsa ke tare shi. Duk abin da aka saki, ƙasa tana ƙara masa gudun mita 9.8 a kowane sakan. Hannuna da bokiti sun kai mita 1, saboda haka in bokitin ya iso sama yana gudun da ya ɗara mita 3 a sakan, wato zagaye ɗaya cikin abin da bai kai sakan 2 ba, ruwa ba shi da zarafin fita. Na kawo musu Isaac Newton na Ingila da littafin da ya fitar a 1687. Na ce haka wata yake, kullum yana faɗowa, kullum yana kuskure duniya. Na ce tashar nan ta sararin samaniya da ke nisan kimanin kilomita 400 sama da mu, mai zagaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai, mutanen cikinta suna shawagi ne domin su da tashar tare suke faɗowa. Ni kaina da na ji muryata, na ji tausayin jami'ar da ta rasa ni.

Sai 'yar yayana ta ɗaga hannu. 'Yar aji 5 ce. Mu kuwa a Kabara muke, unguwar da ta ci sunan Malam Umaru Kabara wanda ya taso daga Kabara ta kusa da Timbuktu, unguwar da gidan Ƙadiriyya yake cikinta, inda yaro ke buɗe ido ya tarar ana neman hujja a kan kowace magana. Ta ce, "Baffa, ruwa ai ba shi da launi, kuma ana rana. In ya zuba kaɗan ya bushe, ta yaya za mu sani? A sa abin da in ya ɗiga za a gani."

Ku faɗa mini, wane malamin kimiyya ne zai ƙi wannan? Yarinya ta gano ramin da ke cikin gwajin, ta kuma kawo yadda za a cike shi. Gani ya kori ji. Na aika cikin gida a ce uwargida ta ara mini zoɓon da ta dafa na sayarwa, yanzu zan dawo mata da shi bai ragu ba.

A nan maƙwabcinmu ya sa baki. Tsohon direban babbar mota ne, tun da ya ajiye tuƙi ya tare a dakalin da ke kallon zaurenmu, kuma babu abin da zai gifta ta lungun nan bai ba shi shawara ba, har akuya. Ya ce, "Malam, ka ɗaure bakin bokitin da leda mana, ai ba zai zuba ba." Na ce Alhaji, ai abin da ake son nunawa shi ne ba ya zuba ko ba murfi. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To ka ajiye shi a ƙasa. A ƙasa ma ba ya zuba, kuma ba murfi."

Na yi dariya. Na cika bokiti rabi da zoɓo mai kauri, wanda ya sha citta da kanumfari, na juya wa bakin lungu baya, na fara wulwulawa. Hannu ya tashi ta gaba, ya haye sama, ya sauka ta baya. Lafiya lau. Yara na ƙirgawa da ƙarfi, ni kuma ina ƙara wuta.

Sai na ji "Salamu alaikum" daga bayana.

Muryar surukina ce. Mutumin da sai a shekara bai tako lungun nan ba, domin dattijon Bahaushe ba ya zaryar gidan 'yarsa. Cunkoson masu tafiya babban masallacin Juma'a ne ya sa ya yanko ta unguwarmu, ya ce bari ya sa wa jikoki albarka ya wuce.

A duba mini lamarin da adalci. Tun ina yaro aka koya wa jikina cewa in babba ya yi sallama, a bar abin da ake yi a durƙusa. Balle suruki. Ba kaina ne ya yanke shawarar ba, gwiwoyina da kafaɗata ne suka yi gaban kansu. Bokiti na gab da isa ƙololuwa, hannuna ya yi sanyi, gwiwa ta fara lanƙwasa. Bokiti ya ji maganar tarbiyya ya rage gudu. Zoɓo bai ji ba. Dokar Newton ta farko cewa ta yi abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiyarsa sai in wani abu ya tare shi, kamar dutsen da aka saki daga majajjawa. A saman zagayen nan, zoɓon baya ya nufa. A baya kuwa abin da ya tare shi shi ne mahaifin matata, cikin farar shadda gezna, babbar riga da 'yar ciki da wando, an sha sitati an sha bugu.

Ban ga saukarsa ba, jinsa na yi. Wani sauti ne mai faɗi, faca, sai ɗis-ɗis a kan takalmi. Abin da na gani fuskokin yara ne: bakuna a buɗe, ƙirga ta tsaya a tsakiyar lamba, ƙaramin cikinsu ya ɗora hannu biyu a ka. Ragowar abin da ke cikin bokitin ya sauko mini ta wuyan riga, da ɗumi-ɗuminsa.

Daren jiya da barci ya ƙi zuwa na zauna na lissafa. Zoɓon ya bar bokiti a tsayin mita 2 da kusan rabi. Ƙirjin Baba yana ƙasa da nan da mita 1 da ɗan ɗori, faɗowar da ke cin rabin sakan. Ina wulwulawa a wajen mita 4 a sakan, rabin sakan ya ba da mita 2. Da safe na fita da tef ɗin tela na auna daga inda na tsaya zuwa inda jan ya fi yawa a ƙasa. Mita 2. Da ya ƙara taku ɗaya, da ta saman hularsa zai wuce. Da ya rage ɗaya, da takalmi kawai za a wanke. Rabin sakan, jama'a. Ko amsa sallamar ban gama ba.

Na juyo a durƙushe, bokiti na reto a hannuna, zoɓo na bin gemuna. Daga aljihun gaba har gwiwa ya rine, aikin wuyan rigar duk ya tsotse, wani ɗigo na lilo a bakin tabaransa. Duk gaisuwar da ke cikin harshen Hausa, da duk kalmar ban haƙuri da na sani, ba wadda ta zo. Abin da bakina ya zaɓa shi ne, "Baba, an zo lafiya?"

Ya cire tabarau, ya duba inda zai goge shi a jikin rigarsa, bai samu busasshen wuri ba. Ya ce, "Lafiya lau muka taho, Malam. Sannu da aiki."

Wannan "muka taho" ita ce ta hana ni barci.

'Yar yayana kuwa, Allah ya shirye ta, ta matso ta ce, "Baffa, ka ga amfanin launin? Yanzu mun ga inda ya bi."

Kafin in miƙe, Alhajin dakali ya iso, ya karɓe ragamar al'amari. Ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, shi ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kano da Maraɗi, ba tabon da bai gani ba. A kawo kanwa. Yaro ya ruga ya kawo jiƙaƙƙiyar kanwa a kofi. Alhaji ya tsoma yatsu ya shiga goga wa Baba a ƙirji, rigar tana jikinsa. Nan take inda ya shafa ya tashi daga ja ya koma wani kore mai duhu. Yara suka yi "Kaaai!" suka matso. Alhaji ya ja baya ya ƙare wa aikinsa kallo, ya ce, "Yauwa, ya fara motsi. A kawo lemon tsami." Aka kawo, ya matsa a kai. Koren ya gudu, ja ya dawo, ja mai haske wanda ya fi na farko ɗaukar ido.

Ni na san abin da ke faruwa, kuma azabar ke nan. Sinadarin da ke ba zoɓo launi yana sauyawa ne da abin da ya haɗu da shi: tsami na mai da shi ja wur, kanwa da toka da danginsu na mai da shi kore. Da irinsa ake gane mai tsami da kishiyarsa a ɗakin gwaji. Darasi ne mai kyau ƙwarai, wanda ya fi na bokiti, yara kuma sun kewaye shi suna kallo ba ƙiftawa. Sai dai a ƙirjin surukina ake yin sa. Har wani ya ce, "Kaka, tsaya a ƙara kanwar mu gani." Bakina ya yi ƙaiƙayin bayani, na haɗiye.

Alhaji bai karaya ba. Ya ce a shafa gishiri. Ya ce a'a, madarar gwangwani. Ya ce da a ce kunun zaƙi ne da ba a shiga wannan wahalar ba, nan gaba in riƙa gwadawa da kunu. Ya tuna mini, a gaban Baba, cewa shi fa ya kawo maganar leda. Daga ƙarshe ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Alhaji, ka ma gode Allah, fari ai saurin datti gare shi."

Ladan ya yi kira. Baba ya shiga zaure ya sauya da kaftanina mafi kyau, wanda ya tsaya masa a ƙwauri domin ya fi ni tsawo, ya tafi masallaci a haka. Daga bayan ƙyaure uwargida ta yi tambaya ɗaya tak, ina zoɓonta da aka ce ba zai ragu ba. Tun daga nan ba ta sake ce mini uffan ba.

Wani abokina da na ba labarin ya ce me ya hana ni koya musu hatimin lissafi, gida 9, lamba 1 zuwa 9, ta ko'ina ka tara 15 ne. Ya ce ga Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a kan irin wannan a 1732 ya rasu a Alƙahira a 1741, namu ne na gida, kuma allo da tawada kawai ake bukata. Na ce tawada ma zuba take yi.

Shawara ɗaya ta Alhaji ce na ɗauka, ita ma don ba yadda zan yi. Yau da hantsi na kai rigar marinar Ƙofar Mata, wadda ake rini a cikinta tun 1498, na ce a tsoma ta a baba har sai ta yi duhun da ba mai gane tarihinta. 'Yar yayana ta bi ni. Ta ga ana ciro zane daga rami yana kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi. Ta ja mini hannun riga ta ce, "Baffa, me ya sa? Za mu iya gwadawa a gida?"

Na ce ta tambayi malaminsu ranar Litinin.