Kowa da Irin Hawansa

Akwai wani saƙo da ba ya tambayar ƙabila ko addini a garin Lafiya. Yana shiga wayar Babarbare a Ƙofar Pada, ya shiga ta mutumin Eggon da ta Alago da ta Gwandara, ya riga ladan tashi, ya kuma kai dare fiye da mai gadi. Maganarsa ɗaya ce kullum, riga kawai yake sauya mata: datarka ta kusa ƙarewa, me ya sa kake wahalar da kanka a ƙaramin tsari, hau babba ka huta.

Abin ya ƙara ƙamari tun Janairun 2025, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a kan farashi. Su dai ninki suka nema, suna cewa tun 2013 farashin bai motsa ba, ga dizal ɗin da ke kunna ƙarafan sabis ya yi tashin gwauron zabi, ga Naira ta faɗi. Ba ƙarya suka yi ba. Amma a Fabrairu mutane suka wayi gari tsarin MTN na giga 15 a mako ya tashi daga Naira 2,000 zuwa 6,000, wanda ko ɗan aji uku ya san ba kashi hamsin ba ne, har sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ni ba ƙarin ne ya fi ba ni mamaki ba, salon ne. Salon mai shayi ne da ba zai taɓa ce maka ka sayi babban kofi ba, sai dai kullum ƙaramin ya riƙa ƙanƙancewa har ka nemi babban da bakinka, ka kuma yi masa godiya.

To, saƙo ɗaya ne, amma masu karɓarsa iri-iri ne.

Wanda ya fi kowa ganin kansa da wayo shi ne Sarkin Layuka. Waya biyu gare shi, kowace na ɗaukar sim biyu, ga wani na biyar a naɗe cikin ledar magani a aljihun gaba. Ba ya rabuwa da allurar cire sim, in ta ɓata tsinken sakace ma ya wadatar. Ya haddace wane kamfani ne ke ba sabon shiga garaɓasa, wane ne ke lallashin wanda ya yi yaji. Dabararsa ita ce ya ƙaurace wa layi har kamfani ya turo masa saƙon bikon cewa an yi kewarsa, sai ya dawo ya cinye tayin ya sake ficewa. Ba ya cewa "layina", cewa yake "wanda nake kai yanzu". Matsalar ita ce ba wanda ya san ta inda za a same shi. An yi sunan ɗan ƙanwarsa a Bukan Sidi bai ji ba, domin ranar yana kan wani layin da ko matarsa ba ta da lambarsa. Tun da aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN a Disambar 2020 yake cin layin rajista, kuma in ka tara kuɗin acaɓa da na gyaran layukan da aka toshe masa, sun isa su saya masa babban tsarin da yake gudu. Kada ka lissafa masa. Zai ce maka ba maganar kuɗi ba ce, maganar kada a raina mutum ce.

Ɗan Dare kuwa yawanci ɗalibi ne, ko na Jami'ar Tarayya da ke nan Lafiya ko na kwalejin Isa Mustapha Agwai. Ya gano cewa data ta fi araha bayan sha biyun dare, sai ya mayar da rayuwarsa can. Da rana in ka tura masa saƙo, sai gobe da asuba ka ga amsa. Idanunsa jajur, yana gyangyaɗi a lacca, amma ya sauke littattafai arba'in da ba zai buɗe ba da fim mai zango shida da zai gama a kwana biyu. Mahaifiyarsa a Doma tana alfahari cewa yaron ba ya barci saboda karatu.

Sai Ɗan Jona Min. Wannan bai taɓa jin zafin ƙarin farashi ba, don bai taɓa saye ba. Sallamarsa ma daban ce: "Maigida, ɗan kunna min minti biyu in duba wani saƙo." Saƙon bidiyo ne, kuma yana da ƙanne. Ya san lambar sirrin kowa a majalisa, ya san wace kusurwa ce ta bayan wani ofishi a titin Shendam sabis ɗinsu ke tsallako katanga. Abin haushin, shi ne kan gaba wajen ba ka shawarar ka hau babban tsari. "Oga, wannan na mako ai asara ne, sayi na wata kawai." Kamfani bai ɗauke shi aiki ba, amma ba shi da ma'aikacin da ya kai shi ƙoƙari.

Akwai Mai Aro, wanda yatsansa ya saba da *303# fiye da lambar matarsa. Kullum bashi yake bin bashi. Ya sa katin ɗari biyar, kafin ya ɗaga kai an zare na jiya har da ladan aro, sai ya sake ara. Shi da kamfani sun zama kamar dangi, ba a rabuwa kuma ba a shiri.

Kada in manta da Baba Liman, ba don yana cikin masu hawa ba, sai don an hau da shi bai sani ba. Wata rana wani saƙo ya faɗo, ya danna don ya kore shi, ashe amincewa ya yi. Tun daga ranar duk wanda ya kira shi don ɗaurin aure ko jana'iza sai ya sha kiɗan soyayya kafin a ɗaga, kuma ana cire masa kuɗin kiɗan a kan kari. Ba wanda ya iya gaya masa saboda nauyi. Shi dai yana ta mamakin yadda katinsa ke zurarewa, da yadda masu kiransa ke fara gaisuwa da murmushi a murya.

Wanda ya fi cika majalisa da hayaniya shi ne Lauya, ko da yake bai taɓa shiga ajin shari'a ba. Ya san cewa in ka tura saƙo zuwa 2442 za a rage maka tallace-tallace, ya san 622 ce lambar kai ƙara wurin NCC, ya san sunan Aminu Maida da na minista Bosun Tijani, yana kiransu kamar tare suka yi makaranta. Tarihi ma yana bakinsa. Zai tuna maka cewa a 2001, da MTN da Econet suka fara, sim kaɗai sai mai hali, kuma a minti ake caji, har aka ce lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna, sai ga Glo ta zo da shi a 2003, nan take kowa ya iya. Zai lissafa maka yadda Econet ta koma Vmobile, ta koma Celtel, ta koma Zain, ta zama Airtel, da yadda Etisalat ta zama 9mobile a 2017, ya rufe da cewa suna kawai ake sauyawa. Gaskiya yake faɗa, kuma da ana sauraronsa da an ƙaru. Illarsa ɗaya. Lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta ce a ƙaurace wa layukan waya daga sha ɗaya na safe zuwa biyu na rana, shi ne ya fi kowa yaɗa sanarwar, kuma da sha biyu da rabi yana Facebook yana zagin waɗanda suka ƙi kashe waya. Rubutun nasa ya yi tsawo, ga hotuna, ga bidiyo. Kafin la'asar datarsa ta ƙare, ya hau babban tsari don ya samu ya ƙarasa faɗan.

Kishiyarsa shi ne Alhaji Na Gaba, wanda bai taɓa ganin tayin da bai karɓa ba. In an ce akwai tsarin azurfa da na zinariya, tambayarsa ita ce babu na sama da su? Tun da MTN ta buɗe 5G a 2022, Airtel ta bi a 2023, ya ƙudura cewa ba za a bar shi a baya ba. Ya aika aka sayo masa na'urar daga Abuja kafin ya tambaya ko irin wannan sabis ɗin ya iso layin gidansu. Tana nan a falo an shimfiɗa mata ƙyalle, fitilarta na ƙyaftawa, baƙi na yaba ta. In zai tura hoto kuwa sai ya fita tsakar gida ya ɗaga waya sama wajen bishiyar mangwaro. Kwanan nan ya ji labarin Starlink, wadda ta shigo Najeriya a 2023, ya fara auna rufin kwano da ido. Gaba ɗaya abin da yake yi da intanet bai wuce tura "Juma'a Mubarak" mai furanni ga mutum ɗari biyu ba.

A kan mutum ɗaya ce dariyata ke tsayawa, ita ce Hajiya mai kasuwa a waya. Ba ta da shago a kasuwar zamani, ba ta da rumfa ranar Alhamis. Shagonta shi ne WhatsApp: atamfa da leshi daga Kantin Kwari, turaren wuta, man ja, wani lokaci har egusi da riɗi take haɗawa ta tura wa masu saye a Kano da Kaduna. Kowane zani sai ta ɗauke shi hoto ta fuska uku, mai saye ta ce a yi mata bidiyo a cikin rana don ta ga ainihin launin, a yi, ta ce bari ta yi shawara da maigida, shiru. Duk wannan data ce. Sarkin Layuka na iya ɓacewa na mako guda, Lauya na iya yin yajin awa uku, ita in ta rufe na yini ɗaya kwastoma ta koma wurin wata. Ta fi kowa sanin cewa babban tsari ya fi araha in aka raba shi giga-giga. Ba lissafin ne ya gagare ta ba, dunƙulallen kuɗin ne babu, domin jarin yana cikin kaya, kayan kuma suna hannun masu cewa sai ƙarshen wata. Don haka take sayen na kwana ɗaya, na kwana biyu, a farashin da ya fi tsada, kuma in wa'adi ya cika ragowar ta tafi ko ba ta taɓa ta ba, sai fa in ta yi maza ta sabunta. Wato mai ƙaramin ƙarfi shi ke sayen giga da tsada, Alhaji Na Gaba da ba ya buƙata shi ake yi wa rangwame. A ganina nan ne ya kamata masu sa ido su duba, fiye da kashi nawa aka ƙara. Ranar da ta daure ta sayi na wata kuwa, yaran gida sun gano, kafin sati biyu an kalle shi a katun.

Tsakanin waɗannan duka akwai yaron da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin titin Jos, da na'urar POS da ƙaramin allo an rubuta farashin data an goge an sake rubutawa har allon ya yi fari. Ba shi ya ƙara ba, ribarsa ma raguwa ta yi, amma shi ake gani. "Kai ɗan nan, jiya ba haka ka sayar min ba!" Ya ce, "Wallahi Baba daga sama ne." Ba a taɓa ganin saman ba, don haka shi ke shan faɗan. Ya koyi haƙuri irin na ma'aikatan asibiti, ya kuma buɗe littafin bashi.

Mutum ɗaya na sani da ya daɗe yana gagarar kamfani, wani dattijo dillalin doya da ke zirga-zirga tsakanin Lafiya da Agyaragu. Wayarsa rakani-kashi ce, an ɗaure bayanta da kyauro, caji ɗaya na kai ta kwana huɗu. Ya loda mota zuwa Legas da ita, ya karɓi kuɗi da ita, bai taɓa sanin mene ne mega ba. An yi ta turo masa saƙo cewa ya zo a sauya masa sim zuwa 4G kyauta, har da kyautar data. Ya ba jikansa ya karanta masa, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ka ce musu na gode, Allah ya sa albarka." In yarinyar kamfani ta kira shi tana "Ranka ya daɗe, muna da wani tsari na musamman domin ka," sai ya tambaye ta mutanen gida, ya tambaye ta ko an yi ruwa a wajensu, ya ba ta labarin farashin ƙwaryar doya, har ita ta gaji ta yi sallama. Kiransa ba ya wuce daƙiƙa ashirin: "Ka iso? To." Sauran kuma filashin.

Abin da kamfani ya kasa, ɗansa da ke aiki a Abuja ya yi shi da Babbar Sallah, ya kawo masa babbar waya tsaraba. Dattijo ya ƙi taɓa ta wata guda. Sai jikan nan ya nuna masa tafsiri, daga nan ya nuna masa damben gargajiya, daga nan ya gano cewa ana iya ganin doya a Zaki Biam ba tare da an hau mota ba. Yanzu rakani-kashin tana cikin aljihu don kira kawai, kuma kiran da ya fi yi da ita na ɗan nasa ne.

"Habu, abin nan ya sake tsayawa."

"Baba, shekaranjiya fa na sa maka na mako."

"To wa ya ce ka sa na mako? Yaron POS ya ce akwai na wata, babba. Shi za ka riƙa sa min."