Safa a Bakin Ƙararrawa

Duk ranar 5 ga Nuwamba mutanen Birtaniya kan hura wuta a fili, su cika sama da tartsatsi, don murnar cewa a 1605 an cafke Guy Fawkes a ƙarƙashin ginin majalisa a Landan, yana gadin gangunan albarushi 36, kafin ya ƙyasta musu wuta. Biki ne na gobarar da Allah ya tsare. Sai dai akwai wani jinsin ɗalibin jami'a a can da ya ɗaura ɗamarar ƙarasa aikin da ya gagari Fawkes, a gidan kwanan ɗalibai, kuma shi ko ganga ɗaya ba ya buƙata.

Makaminsa safa ce. Tun daren bikin Halloween, 31 ga Oktoba, zai rarake kabewa, ya dasa kyandir a cikinta, ya ajiye dab da labule, sannan ya yafa rigar fatalwa ta yadin roba, irin wanda ƙyas ɗaya ya ishe shi. Da yake yana karatun digiri, ya san hayaƙi zai tayar da ƙararrawar da ke manne a rufin ɗaki, don haka sai ya taka kujera ya ɗaure mata baki da safa. Ƙofar nan mai nauyi da aka yi domin ta tare wuta da hayaƙi kuwa, sai ya tokare ta don baƙi su ji daɗin shigowa, wani lokaci ma da tukunyar kashe gobara. To, ko banza an samar mata aiki.

Za a ce ai ƙararrawar ce ta cika tsegumi: burodi ya ɗan ƙone sai ta fitar da mutum ɗaruruwa cikin sanyin dare da kayan barci, 'yan kwana-kwana su zo su tarar babu komai. Wannan gaskiya ne, kuma da ban haushi. Amma mai gadin da ke ihu saboda kyanwa ya fi wanda aka ɗaure wa baki, domin hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma ya fi samun mutum yana barci. Mai safar nan kuwa bai nemi shawarar kowa ba kafin ya yi caca da numfashin maƙwabcinsa, wanda ko gayyatarsa shagalin ba a yi ba.

Za a kuma ce harba tartsatsi sau ɗaya ne a shekara, a bar matasa su sha iska. Dokar ma ta bar su. A Ingila an hana harba tartsatsi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, amma a daren 5 ga Nuwamba an ɗaga ƙafa har 12, a daren bikin Diwali har ƙarfe 1. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne harbawa a kan titi. Ɗalibinmu dai lissafinsa daban: "sau ɗaya" nasa yakan fara a tsakiyar Oktoba, ya ƙare ranar da kuɗin aljihu suka ƙare, kuma ƙarfe uku na dare ne hannunsa ke faɗawa. A gidan da ke kusa akwai jaririya, akwai ma'aikaciyar jinya mai sammako, akwai kare da ya shige ƙarƙashin gado. Har bushiya ba ta tsira ba, shi ya sa ake roƙon mutane su duba tarin itace kafin su cinna masa wuta, don takan ɗauka masauki ta samu.

Ga filayen da ake shirya wasan wutar a hannun ƙwararru, ga kyandir mai batir da ba ya cin labule. Malam ɗalibi, kai da aka turo neman ilimi da kuɗin iyaye, hau kujerar nan ka ciro safarka, ƙafarka ta fi buƙatarta a wannan sanyin.