Ai Haka Take Tun Daga Kamfani

A duk sassan mota babu wanda ake zalunta kamar giyabos, kuma babu wanda ake yi wa ƙazafi kamarsa. Taya in ta yi faci kowa ya gani. Inji in mansa ya yi ƙasa, fitila ta kama ja wur a gaban direba. Shi kuwa giyabos na tsohuwar ƙaramar mota ba shi da fitila, ba shi da allura, ba shi da mai yi masa magana a gaban sitiyari. Yana can ƙasa cikin ƙura yana bauta shekara ashirin, shekara talatin, ran da ya yi tari sau ɗaya sai ka ji an ce, "Ai dama giyar motocin nan ba ta da ƙwari."

Ba ta da ƙwari? Golf 3 ɗin nan da ke jigila tsakanin Kano da Katsina, a 1991 Volkswagen ya fito da ita. Tsohuwar Starlet kuwa tun 1999 Toyota ya daina ƙera ta. Peugeot 504 ta fito a 1968, aka kuma fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, amma har gobe za ka gamu da ita a hanyar kasuwar ƙauye, akuya na leƙowa ta taga. Da yawa daga cikin direbobin motocin nan motar ta girme su. Bajamushe ya ƙera Golf don mutum biyar da 'yar jakar tafiya. Mu muka gano cewa ya yi kuskuren lissafi: huɗu a baya, biyu a gaba, buhun masara uku a but, babur a kan rufi, wani lokaci har da wani bawan Allah da ke raba kujera da direba, sandar giya a tsakanin gwiwoyinsa. Duk sa'ad da za a shiga lamba huɗu sai an ce masa, "Malam, ɗan gyara ƙafa." Jakin ma da ake misali da shi wajen haƙuri, da ya ga wannan lodi da ya kwanta.

Zaluncin yana farawa ne tun daga ranar saye. Dillali ya shafa ƙeya ya ce maka, "Alhaji, wallahi wata tsohuwa ce a Beljiyam take zuwa cefane da ita ran Asabar kawai." Wannan tsohuwa dai ban san mota nawa ta mallaka ba, don duk motar da ta biyo ta Kwatano tata ce. Mai saye zai duba fenti, ya danna rediyo, ya buga taya da ƙafa, ya tambaya ko na'urar sanyi tana aiki. Ba zai taɓa tambayar yaushe rabon da a duba man giya ba. Da dama daga cikinmu ma ba su san akwai wani mai a mota bayan fetur da baƙin mai ba.

Alhali man nan bai wuce kimanin lita 2 ba a irin waɗannan ƙananan motoci. Matsalar ita ce robar da ke tare shi a bakin shaf tana tsufa, sai ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan. Maigida ya fito da safe ya ga baƙin tabo a ƙasan mota, sai ya sa yaro ya watsa yashi a kai. An yi maganin abin ke nan. A tsofaffin Golf, idan mai ya ja baya, lamba biyar ce ke fara jin jiki, domin tana can ƙarshen akwatin inda mai ke fara yanke mata. Sai ta fara kuka a babbar hanya, wani siririn kuka mai ƙaruwa da gudu. Nan ma muna da magani, kuma kyauta ne: a ƙara sautin rediyo. Bayan wata biyu giyar ta fara fita da kanta ana cikin tafiya. Direba mai basira ba ya zuwa gareji don wannan. Kyauron roba zai samu ya ɗaure sandar da ƙarfen kujera, ko ya naɗa fasinjan gaba mataimakin direba ya ce, "Yallaɓai, don Allah riƙe min nan har mu kai Ɗambatta."

Sai lamba biyu, wadda ta fi kowace giya shan wahala. A cikin giyabos akwai wasu zobban tagulla, aikinsu su daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu, don su shiga juna lami lafiya. Suna bukatar ɗan lokaci ne kawai, kamar ƙiftawar ido. Amma direbanmu ba shi da wannan lokacin, saboda wani ɗan Adaidaita yana neman shan gabansa, kuma wannan magana ce ta mutunci. Sai ya taka kuloci rabi ya fizgi sanda kamar yana bin ta bashi. Ƙurrr! Ran da zoben ya cinye, lamba biyu ta ƙi shiga da sanyin safiya, za a ce motar tana da iskoki, ko kuma maƙwabci ne ya zuba mata ido tun ran da aka kawo ta.

Ribas ma haka. Yawancin tsofaffin motocin nan ba a sa wa ribas wancan zobe ba, don haka ƙa'idarta mota ta tsaya cak, a taka kuloci har ƙasa, a ɗan jira. Mu kuwa mota tana gangarawa gaba muke cusa ta, unguwa duka ta ji, mu leƙo ta taga mu ce wa masu kallo, "Haka take tun daga kamfani."

Kuloci kuma mun mai da shi matashin ƙafa. Akwai direban da tun daga tasha har inda za shi ƙafarsa ta hagu ba ta sauka daga kai, ga hannun dama ya jingine a kan sandar giya kamar basarake da sandar girma. Nauyin ƙafar yana cinye boris ɗin kuloci, na hannun yana goge ƙarfen da ke tura giya a ciki. In aka tsaya a hawa, maimakon birkin hannu, wanda ya mutu tun zamanin mai motar na biyu, sai a riƙe motar da rabin kuloci da totur har wari ya tashi. Fasinja ya ce, "Direba, wani abu na ƙonewa." Direba ya shaƙi iska ya ce shara ake ƙonawa a bayan gari.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma, sai wani sabon ilimi ya bunƙasa. Da an hango gangara sai a sa ta a firi, gwanaye ma su kashe injin gaba ɗaya. Abin da ba a faɗa wa fasinja shi ne, da inji ya mutu, abin da ke taimaka wa birki ya tafi hutu, bayan taku biyu ko uku feda ta yi tauri. An dai tsimi fetur na cokali huɗu, saura kuma addu'ar matafiya.

Daga ƙarshe dole a je wa bakanike, shi ma da nasa karatun. Kafin ka gama bayani ya riga ya girgiza kai: "Oga, sai an sauke." Wataƙila ɗan bushin ne na sandar giya ya cinye, ko kebul ɗin kuloci ya saki, aikin da ba ya kai azahar. Amma a sauke ɗin ya fi albarka. In an buɗe, yaron shago ya wanke haƙora da fetur a cikin tsohon kwano, a tura ka kasuwar Ƙofar Ruwa, ko Panteka in a Kaduna kake, ka sayo wani giyabos na Beljiyam, wato na wata motar tsohuwar nan. In an zo zuba mai, duk wanda ke cikin galan shi ne daidai. Ka ce masa akwai man giyar da ba ya shiri da tagulla, littafin motar ya faɗi irin wanda za a sa, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Oga, mai ai mai ne." Bayan an ɗaure komai za ka ga kusoshi uku sun rage a ƙasa. Waɗannan, in ji shi, Bature ne ya sa su don ado.

Duk da haka, je ka ce wa mai tsohuwar Starlet ya koma otomatik ka ji. Zai ce maka wannan motar ragwaye ce, kuma in batir ya mutu wa zai tura ta ta tashi? Nan ne fa ya fi ka gaskiya, don shi batirinsa ya shekara da mutuwa. Shi ya sa kullum yake ajiye motar a kan gangaren ƙofar masallaci, ana sallame Asuba ya sa ta lamba biyu, ya juyo ya ce wa jama'a, "Bayin Allah, a taimaka da hannu."