Haɗin Ina Ce, Tsakaninka da Allah?

Idan mutumin Azagor ya sauka Maraɗi sayen mota, inji ne abu na ƙarshe da zai duba. Sai ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa, ya kasa kunne, sannan ya tsare dillali da ido: "Tsakaninka da Allah, haɗin ina ce?" Shi kuwa dillali, tun da ya fara cin la'ada bai taɓa riƙe motar da ba asalin Jamus ko asalin Japan ba. Binciken ya fi na neman aure tsanani, sai dai ba a tambayar gidaje nawa amaryar ta zauna kafin ta iso.

Cutar ta daɗe. Tun 1975 da aka fara haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna direbobi suka rabu gida biyu, masu rantsuwa da 504 'yar Faransa da masu cewa 'yar Kaduna ta fi sanin rami. Motocin sun zama akurkin kaji, gardamar tana nan da ranta.

Yanzu samari sun gaje ta a majalisar shayi, sun mayar da ita kan motocin tsere masu kujera biyu da suke gani a waya. Wanda ko babur bai mallaka ba zai rantse ba ya hawa Porsche sai wadda Bajamushe ya ɗaure wa noti. Allah sarki! Daga 1997 zuwa 2011 Porsche Boxster masu ɗimbin yawa a ƙasar Finland aka haɗa su, a masana'antar Valmet. Lambar shasinsu da W na Jamus take farawa. Sai mai haƙuri ya ƙirga zuwa harafi na 11 ya tarar da U, alamar garin Uusikaupunki, inda 'yar Stuttgart ke da S. BMW Z3 haihuwar Spartanburg ce a Amurka. Toyota Supra ta 2019 kuwa, da ake yi wa kirarin Japan, a Graz ta Ostiriya aka haɗa ta, gida ɗaya da BMW Z4, injinta ma na BMW ne.

Tsari ɗaya ne, ma'aunin kamfani ɗaya ne, injin Boxster ɗin Finland ma daga Jamus aka riƙa aiko shi. Abin da ke raba mota da 'yar'uwarta bayan shekara ashirin wani abu ne daban: ko maigidanta na farko yana juyen baƙin mai kan lokaci, ko gishirin da Turawa ke zuba wa titi lokacin ƙanƙara ya cinye mata ciki, ko ta taɓa rungumar bishiya, da kuma yadda kilomitarta ke ƙara yarinta tsakanin tashar jirgin ruwan Lome da Maraɗi.

Hilux ɗin da ke kwasar mutane da awaki ranar kasuwa, wata daga Tailan take, wata daga Durban, fasinja bai taɓa sauka don haka ba.

A ce dai Alhaji ya dace da asalin 'yar Stuttgart, S ɗinta ɓaro-ɓaro. Kwalta za ta kawo shi Dakoro cikin isa, yara na bi da gudu. Daga nan zuwa Azagor yashi ya karɓi aiki, motar da cikinta bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba ta kwanta ruf. Mai amalanke zai iso da shanunsa biyu, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, ya karkaɗe gwiwa ya ce: "Jika biyar, Alhaji. Igiyar kuma kuɗinta daban."