Masu Leƙen Ƙwaƙwalwar Jama'a

A jami'o'in Ingila da Amurka, ɗakin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sau da yawa a can ƙasan bene yake, ba taga, ba rana, sai sanyi da ƙugin na'urar MRI. A nan ɗalibai masu neman digirin digirgir ke shafe shekara uku zuwa biyar suna leƙen kan bayin Allah. Su kuwa nasu halin ba ya bukatar na'ura, zaman mako guda ya isa ka rarrabe su.

Na farko shi ne Dogarin Maganaɗisu. Tun ranar da aka gaya masa ƙarfin na'urar Tesla 3 ne, wato ya ninka maganaɗisun duniya kusan sau 60,000, kuma ba a kashe shi dare da rana, hankalinsa bai sake kwanciya ba. Makulli, agogo, katin banki, allurar hijabi, duk sai an zube masa. Ya tambaye ka ko an taɓa yi maka tiyata, ko ka taɓa aikin walda. Ka ce a'a, ya sake tambaya da wata murya. Abin haushin shi ne gaskiya gare shi: kujerar ƙarfe in ta kusanci bakin na'urar, fizge ta za ta yi.

Sai Mai Ganin Ja. An sha gaya masa na'urar ba ta ganin tunani. Abin da Seiji Ogawa ya nuna a 1990 shi ne ana iya bin sawun iskar da jini ke ɗauke da ita, jinin kuma sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 yake cika inda ƙwaƙwalwa ta yi aikin. Duk da haka, da ya ga ɗigon ja a allon kwamfuta sai ya miƙe: "Jama'a, na gano mazaunin kishi!" Maganinsa ɗaya ne, ka ambaci kifi. A 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa sun sa mataccen kifin salmon a na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, kuma da suka bar lissafin ba gyara, sai ga ɗigo ya haska a kan mushen. Aikin ya ci kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2012. Ka faɗi haka, sai ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarka.

Na uku Ɗan Jam'iyya ne. Manhajojin tace hotunan nan sanannu ne: SPM ta Landan, FSL ta Oxford, AFNI ta Amurka. Shi ɗaya ya iya, don ita ya tarar a kwamfutar da aka ba shi, amma yana kare ta kamar ɗan siyasa ranar zaɓe. Wanda ya koma wata manhajar, a wurinsa ya sauya sheƙa, ba a cin abinci da shi.

Mafarauci kuwa mutanen da za su kwanta a na'ura yake nema. In ya yi maka gaisuwa mai tsawo, har ya tambayi mutan gida, to kanka yake so. Abokansa sun daina ɗaga wayarsa. In ya dace ya samu mutum, sai ya yi ta roƙo ta lasifika: "Don Allah kada ka motsa." Motsin milimita biyu ko uku na iya ɓata aikin awa guda da aka biya ɗaruruwan daloli a kansa. Wani kuma, duk da ƙarar da ta haura desibel 100, sai ya yi barcinsa har da minshari. Mafarauci ya gode masa, ya ba shi ɗan kuɗin mota, ya koma lungu ya yi tagumi.

Akwai Malam Yana-Kan-Aiki. Duk lokacin da ka tambaye shi labarin bincike, amsar ɗaya ce: "Kwamfuta tana kan aiki." Ba ƙarya yake ba, manhajar FreeSurfer kan ɗauki awoyi kafin ta gama ƙwaƙwalwa ɗaya. Sai dai tun bara take kan aikin, shi kuma yana kan shayi.

Mai Shakka ya fi kowa karatu, ya fi kowa baƙin ciki. Ya karanta binciken Anders Eklund da abokansa na 2016, wanda ya nuna wasu hanyoyin lissafi na iya ba da sakamakon bogi har kashi 70 cikin 100, a inda ake zaton kashi 5, kuma manhajojin nan uku babu wadda ta tsira. Ya karanta na 2022 a mujallar Nature, mai cewa danganta halin mutum da hoton ƙwaƙwalwarsa yana bukatar dubban mutane. Shi kuwa nasa ba su cika ɗaki ba. Yanzu bai yarda da sakamakon kowa ba, har da nasa, shi ya sa babin farko na kundinsa bai wuce take ba.

Farfesa mai duba aikinsu kuwa ya fi ganuwa a filin jirgi. Ka aika masa wasiƙa mai shafi uku, ya amso da kalma biyu: "Mu tattauna." In kun tattauna, sai ya ce a ƙara ɗan lissafi guda, wanda zai ci wata shida.

Amma mai ɗakin ta gaskiya ita ce ma'aikaciyar da ke tuƙa na'urar. Ba ta neman digiri, ba ta gardamar manhaja. Ita ke riƙe da jadawali, ita ta san wanda ya makara da wanda ya bar ɗaki kaca-kaca, ita ke lallashin wanda tsoron ramin na'ura ya kama shi. In ta ce lokacinka ya ƙare, ko Farfesa fita yake yi. Ɗalibin da ya gane haka ya fara gaishe ta kafin kowa, shi ke gamawa a kan kari. Wanda ya raina ta kuwa, kullum sunansa na faɗowa a ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, ya yi ta mamakin rashin sa'arsa.