Yadda Ake Gasa Alminiyam Ya Yi Laushi, In 'Yan Kallo Sun Bari

Wannan rubutu na waɗanda suka san ƙarar nan ne. Kana lanƙwasa falle ko bututu a hankali, saura ƙiris ya kai inda kake so, sai ka ji "ƙas", tsaga ta bi bayan lanƙwasar daga wannan baki har wancan. In ba ka taɓa jin ta ba, Allah Ya ci gaba da kiyaye ka, ka wuce shafi na gaba. Ni makon jiya na ji ta har ta gundure ni, a kan murafan manyan tukwane da mariƙansu da aka ce lallai ana so kafin biki. Don haka ba zan tsaya koya maka hura gawayi ko riƙon awartaki ba. Ga inda ciwon yake.

Na ɗaya, ka yarda dukanka ne ya taurara shi. Alminiyam yakan zo hannunka da ladabi, ka buga ya bi, ka murɗa ya bi. Amma duk gudumar da ka sauke tana matse ƙwayoyin da ke cikin jikinsa, suna cuɗewa suna sarƙewa har su rasa wurin motsi. Daga nan amonsa zai sauya, guduma ta fara tsalle tana dawo maka, in ka lanƙwasa ka saki ya koma rabin hanya. Ya gaya maka ya ƙoshi ke nan, kuma duk ƙarfin da ka ƙara tsaga kake saye da shi. Maganin shi ne wuta daidai gwargwado, wadda za ta sa sababbin ƙwayoyi su tsiro a gurbin waɗanda suka sarƙe. Wani irin yana sakin jiki wajen digiri 345 a ma'aunin Salshiyas, wani sai 415. Zallan alminiyam kuwa a 660 yake narkewa. Sana'ar gaba ɗaya a cikin wannan 'yar tazarar take, alhali gawayin da ya sha zuga yana haura 1,000, harshen wutar waldar gas kuma ya wuce 3,000.

Na biyu, ka san abin da ka sayo. A Amurka tun 1954 aka raba wa kowane gauraye lambarsa: 1100 kusan zalla ne, 3003 shi ne na kayan girki, 6061 da 6063 su ne na bututu da firam ɗin taga. Bayan lambar akwai harafi. O na nufin an riga an tausasa shi, H na nufin matsi ne ya taurara shi, T kuma wuta ce. Maƙerin can yakan duba jikin falle ya karanta, ya san wutar da zai ba shi. Mu kuwa wurin mai gwangwan muke zuwa, kuma lamba ɗaya ya sani a duniya, ita ce ta kan sikeli.

"Alhaji, wannan wane iri ne?"

"Mai kyau ne, Malam."

"Na ji. Daga jikin me aka ciro shi?"

"Jirgin sama."

Kowane falle daga jirgin sama yake. Har na fara mamakin da me jiragen ƙasar nan suke tashi. Abin da ya fi ƙona rai shi ne da gaskiya ya faɗa ma da bai taimake ka ba, domin 2024 da 7075 da ake ƙera jirgi da su suna cikin waɗanda suka fi taurin kai wajen lanƙwasa, kuma tun wajen digiri 500 suke fara narkewa daga ciki. Saboda haka ka tafi da maganaɗisu a aljihu. In ya manne, wannan kwanon rufi ne da aka shafe da tutiya, kuma hayaƙinsa zazzaɓi yake sa mutum ya kwana da shi. In kuwa abin zubi ne, kamar tukunyar dalma ko fistin ko murfin inji, ka ajiye shi cikin mutunci. Masu zubin tukwane a Panteka ta Kaduna da Katako ta Yamai gwanaye ne na gaske, amma zubi daban, ƙira daban. Abin da aka zuba yawanci cike yake da silikon, ko ka kwana kana gasa shi karyewa zai yi.

Na uku, sabulu. Ka goge mai da fenti tukuna, sannan ka zizara sandar sabulun wanki a fuska ɗaya, ka ba shi wuta ta ɗaya fuskar, hannunka yana yawo ba tsayawa. Zanen zai yi ruwan ƙasa, ya yi duhu, ya koma baƙi. Da ya yi baƙi ka janye, ka kai wajen 400 ke nan. Masu waldar gas nasu salon daban ne: su kunna wuta mai hayaƙi su baƙanta fallen da kunkunniya, sannan su gyara harshen su bi shi har baƙin ya ɗauke. Duk hanya ɗaya ce. Sai dai in za ka aiki yaro sayen sabulu, ka faɗi launi da bakinka, ka maimaita. Nawa sabulun salo ya kawo mini, baƙi ƙirin, yana murna ya samo mai araha. Wanda na ajiye a kan uwar maƙera kuma bai ga la'asar ba, domin duk wanda ya ci rogo da ƙuli a layinmu sai ya tuna akwai sabulu a rumfata. Ka sayi biyu, ka ɓoye ɗaya inda kake ɓoye kuɗi.

Na huɗu, kada ka jira ya yi ja. Ba zai yi ba. Baƙin ƙarfe yana da kirki, yakan yi ja, ya yi ruwan lemo, ya gaya maka halin da yake ciki. Alminiyam da fuskar da ya shiga wuta da ita zai narke. Akwai wata siririyar fata da iska ke yi masa wadda ba ta narkewa sai an wuce digiri 2,000, don haka cikinsa zai iya zama ruwa alhali waje yana nan kamar ƙullin kunu a leda, ka taɓa shi da awartaki ya zube a cikin gawayi.

Wannan shi ne abin da 'yan kallo suka ƙi fahimta, kuma a kansu nake son mu ɗan zauna. Da ka kunna wuta za su fito. Mai faci zai bar taya, mai shayi ya bar tukunya, wani dattijo da kakansa ya taɓa ƙera garma ya ja benci ya zauna a inda hayaƙi bai kai ba. Ba a yi minti ɗaya ba zai fara.

"Yaro, bai yi ba. Ƙara zuga."

"Baba, ya yi. Ga sabulun nan ya yi baƙi."

"Sabulu? Wanka za ka yi masa? Mu da muka tashi a maƙera sai ƙarfe ya yi ja ake taɓa shi."

Kana cikin neman kalmar da za ka mayar ba tare da ka yi wa furfura rashin kunya ba, yaron zuga ya riga ya ji umarnin babba, ya danna zuga-zugi da iya ƙarfinsa. Ka waiwaya ka tarar da rami a tsakiyar murfin da ka yini kana bugu. Dattijon zai girgiza kai ya ce kayan zamani ba su da albarka, ya miƙe ya tafi masallaci. Kai za ka biya fallen.

Akwai kuma mai karin magana. Ka janye aikin ka ajiye ya huce, sai ya matso ya ce, "Oga, ai da zafi-zafi ake dukan ƙarfe." Gaskiya ce, amma baƙin ƙarfe magabata suke nufi. Alminiyam in ya matso kusa da narkewa rugurgujewa yake a ƙarƙashin guduma. Laushin da ka sa masa ba ya gudu don ya huce, yana nan yana jiran ka. Akwai wanda ya taɓa zuwa mini da bindigar auna zafin goshi da ta rage tun zamanin korona, wadda ba ta san komai ba sama da digiri arba'in da 'yan kai. Ko ta masana'anta ma ƙaryar sanyi take yi a kan alminiyam mai sheƙi. Na gode masa, domin shi kaɗai ne a cikinsu ya zo da niyyar auna wani abu.

Na biyar, ruwa ko iska. Nan ma taron zai rabu biyu, rabi na cewa tsoma, rabi na cewa in ka tsoma zai taurare. Ga 1100 da 3003 duk ɗaya ne, ka tsoma in kana sauri. Masu T kuwa labarinsu daban. A 1906 wani Bajamushe mai suna Alfred Wilm ya gasa alminiyam mai ɗan jan ƙarfe a ciki, ya tsoma a ruwa, ya tafi hutun ƙarshen mako. Da ya dawo ya tarar ya ƙara tauri shi kaɗai a ajiye. Daga nan aka sami Duralumin. Ma'anarsa a rumfarka ita ce in ka zafafa bututun taga sosai ka tsoma, yau zai bi ka, bayan kwana biyu ya fara gardama. Ka lanƙwasa a ranar. Masu haɗa jirgi a firiza suke ajiye wasu ƙusoshinsu don kada su taurare kafin a buga, dabarar da ke buƙatar wutar lantarki ta kwana, don haka mu bar ta. A masana'anta awa biyu zuwa uku ake riƙe 6061 a 415, a sauke shi da digiri 28 kacal a kowace awa har ya kai 260. Kai abin da kake da shi toka mai ɗumi ce. Binne shi a ciki ka je ka ci abinci.

Na shida, in bututu ne ka cika shi da yashi, busasshe ƙarau. Jiƙaƙƙe tururi yake zama, ya harbo toshiyar.

Na bakwai, kada ka maimaita gashi a banza, fuskarsa za ta yi kaushi.

Na takwas, mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya, kuma mai karin maganar nan zai ɗauka ya duba. Zana wa mai zafin da'ira da alli a ƙasa.

Lissafin ya tsaya nan, domin abin da ya rage ya fi ƙarfin lamba. Mutum zai zo maka da tsanin alminiyam da ya lanƙwashe, ko ƙashin keke, ko sandar guragu, ya ce ka ɗan gasa ka miƙe masa. Don Allah kada ka karɓa. 6061 da aka tausasa sarai yakan koma kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da ya fito da shi, kuma wutar rumfa ba ta mayar masa. Zai miƙe, ya yi kyau, mai shi ya yi godiya ya biya, ranar da ya hau da buhu a kafaɗa tsanin ya naɗe da shi. Ya tafi yana zagin ka ya fi a zo ana yi maka bayanin asibitin da aka kai shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk wannan bai kai karatun yini guda ba. Yaro zai shekara biyar yana zuga da share rumfa, ba wanda ya taɓa faɗa masa 345 da 660, sai dai ya narkar da falle a mare shi. Akwai allin auna zafi da ke narkewa daidai kan digirin da aka rubuta a jikinsa, ka zaga shagunan kayan walda ka ga nawa ne suka taɓa jin labarinsa. Dillalai suna ganin lamba a jikin falle su yanke ta su jefar. Ƙungiyoyinmu na maƙera da masu walda suna iya tara mu don kuɗin wata da rabon hula, to su tara yaranmu rana ɗaya, a kawo gutsattsarin falle da sandar sabulu fari, kowane yaro ya gasa da hannunsa har ya ga baƙin nan da idonsa. Gawayin ranar ni zan saya. Sharaɗina ɗaya ne: a yi shi a bayan gida, a rufe ƙofa, kada mai faci ya ji labari.