Likitocin Tsohuwar Kwamfuta

Ɗan gem da ya kuskura ya faɗa a majalisa cewa kwamfutarsa ta fara gajiya ya jawo wa kansa. Yana rufe baki zai gane ashe duk wanda ke kan bencin injiniya ne, har da wanda ya shekara yana latsa waya mai fasasshen gilashi. Alhali ciwon ba shi da wani sirri. Yawancinmu tsohuwar kwamfutar ofis muke lallaɓawa, Dell OptiPlex ko HP ta hannu, mai furosesar Core i5 ta wajen 2012, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana buga takardu kafin mu ɗora mata GTA V. Galibi abu guda ne ke shaƙe mata wuya: ko katin hoto, ko RAM, ko tsohon faifan ajiya, ko zafi. Mai ƙaramin kuɗi abin da ya kamace shi ya gano wanne ne, ya zuba kuɗinsa a nan. Su kuwa likitoci, kowa da inda yake so ya kai ka.

Sarkinsu shi ne Malam Ƙara-Kaɗan. Mutum ne mai fara'a, ba ya ɗaga murya, kuma bai taɓa ce wa kowa shawararsa ba ta yi ba. Ka gaya masa GTX 1650 kake so, irin wadda wat 75 ke isar ta, daga jikin bod take shan wutarta, ba sai an taɓa komai ba. Sai ya gyaɗa kai a hankali. "Madalla, mutumina, kati ne mai kyau. Sai dai da za ka ƙara kaɗan, ai RX 580 za ka ɗauka." Ba ƙarya ya yi ba, ta fi ƙarfi. Abin da zai ɓoye sai ka amince shi ne wat 185 take ja, kuma tana neman wayar wuta mai baki 8 wadda fawa-fak ɗin ofis ba ta ma san da zamanta ba. To, a ƙara kaɗan a sayi fawa-fak. Sabuwar fawa-fak ta ƙi shiga siririn akwatin, a ƙara kaɗan a sayi akwati. Wayoyin maɓallin tsohon bod ba su dace da sabon akwati ba. Nan zai gyara zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Tunda abin ya kai haka, me zai hana ka koma AM4, ka sa Ryzen 5 5600, ka huta?" RAM ɗinka DDR3 ce, sabon bod DDR4 yake ci, ko tsagarsu ba a wuri ɗaya take ba.

Idan ya ga ka fara noƙewa, sai ya zaro makaminsa na ƙarshe: Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba ta maraba da furosesar Intel da ta girmi zubi na 8. Wannan ma gaskiya ne, kuma abin haushin ke nan: mutumin bai taɓa faɗar ƙarya ba. Kafin a kira la'asar, abin da ya rage na kwamfutarka maus ne da kebul ɗin wuta, kuɗin da ka zo da su kuma sun koma kafin alƙalami. Zai buga lissafin a wayarsa, ya juyo maka da ita, ya ce, "Ka gani? Ba yawa." Tambaye shi irin tasa kwamfutar. Tana nan tafe, ana haɗawa. A halin yanzu ludo yake bugawa a waya.

Bayansa sai Mai Magani Ɗaya. Ka ce wasa na sarƙewa, ya ce sa SSD. Ka ce fanka na ƙara, SSD. Ka ce ƙaninka ya zuba shayi a kibod, ya ce da SSD ce da abin bai kai haka ba. Yana da rabin gaskiya: SSD ta ninka tsohon faifai sauri, Windows za ta tashi kafin ka gyara kujera. Amma ba ta ƙara yawan hotunan da katinka ke fitarwa a daƙiƙa, sai dai ka isa wurin sarƙewar da wuri. Ƙaninsa shi ne mai RAM, wanda ya ɗura gigabait 32 don buga eFootball, alhali sanda biyu iri ɗaya masu 8 sun wadatar.

Mai Fitilu ya kwashe kuɗinsa duka ya sayi fankoki masu walƙiya da akwati mai gilashi. Ɗakinsa da dare kamar ana kamun amarya. Wasan yana nan yana rarrafe, amma cikin launi bakwai.

Akwai mai gyaran gangar Auzinawa, wanda bidiyo ɗaya a YouTube ya ba shi digiri. Shi ne ke sabunta BIOS da hadari a sama, lokacin da kowa ya san za a ɗauke wuta. Shi ne man sanyaya furosesa ya ƙare masa, ya shafa makilin. Idan kwamfuta ta ƙi tashi, sai ya ce da ma ajalinta ya zo.

Wanda ba na gajiya da shi shi ne bawan Allah da ya sayi GTX 1060, ya ɗaura, ya tara abokai yana rantsuwa cewa yanzu wasa ya zama ruwa. Ka leƙa bayan akwatin: kebul ɗin HDMI na nan a jikin bod inda yake tun da, katin kuma na zaune yana juya fanka a banza. Kada ka gaya masa a gaban mutane.

Can gefe akwai dattijon mai gyara da ba a sauraro, saboda shawararsa ba ta cin kuɗi. Shi zai ce a kunna wasan tukuna a duba wane ne ya cika ɗari bisa ɗari, furosesa ko kati. Sai ya buɗe murfi ya hure ƙurar hunturu uku da ta toshe fanka, ya goge busasshen mai ya shafa sabo, domin furosesa idan ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sau da yawa a nan ciwon yake warkewa. Mai kwamfutar kuwa ya tafi ransa a ɓace, don shi sayayya ya zo yi.

Sai masu jira. A 2021 sun ce katuna sun yi tsada saboda masu haƙar kirifto, a dakata. A Satumban 2022 Ethereum ta daina amfani da katin hoto, katunan hannu suka cika kasuwa, suka ce a bari ya ƙara sauka. A 2023 naira ta faɗi. Har yau suna jira, sun haddace farashin kowane kati, ba su sayi ko dunƙulen waya ba. Mutane ne masu natsuwa da hangen nesa, kuma an lura wasunsu suna rubutu a mujalla.

Duk waɗannan ana iya shan shayi da su. Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai sayar da katin bogi. Zai samo GTS 450 ta 2010, a sauya mata bayanan ciki yadda Windows za ta karanta ta a matsayin GTX 1050 Ti mai gigabait 4, a rufe ta da sabuwar roba, a saka a kwali mai sheƙi. Ya san sarai babban mutum ba zai faɗa ba. Yaron sakandare yake hari, wanda ya tara barka da sallarsa da ladan aikin hutu, ya shigo shago yana cewa, "Oga, don Allah mai kyau za ka ba ni." Yaron ya kai gida, wasa ya buɗe ya mutu, ya dawo idonsa jajir, a ce masa, "Wutar gidanku ce ta ƙona shi." Wannan ba wayon kasuwa ba ne, sata ce, kuma wanda aka yi wa bai da bakin da zai ƙwaci haƙƙinsa.

Maganinsa ba wuya. 1050 Ti ta gaskiya ba ta zuwa da ramin VGA, kuma manhajar GPU-Z tana tona asirin irin waɗannan katunan. Ka tafi da ita a filashi, ka ce a ɗaura katin a gabanka, a kunna wasa mai nauyi na rabin awa. Idan ya ce babu wuta, ka ce kai za ka sayi man janareta. Idan ya ce janaretan ma ya lalace, ka yi masa fatan Allah Ya kawo kasuwa, ka fita da kuɗinka a aljihu.